Yadda Ake Gano Matsalar Tsarin Kashe Inji da Tayar da Shi a Motocin Zamani

Masu karatu da dama sun yi ta aiko da tambaya a kan motocin nan da ke kashe injinsu da kansu idan an tsaya a danja ko cikin cunkoso, su kuma tayar da shi da zarar direba ya ɗaga ƙafa daga birki. Galibin masu tambayar tokumbo suka saya, kuma kokensu bai wuce uku ba: ko dai motar ta daina kashe injin gaba ɗaya, ko tana kashewa amma sai ta yi nawa wajen tashi, ko kuma wani saƙo ya fito a dashbod ya ƙi gushewa. Kowane kamfani da sunan da ya raɗa wa tsarin, Mazda na kiransa i-stop, Hyundai da Kia ISG, Mercedes kuma ECO, amma alamar da aka fi gani ita ce harafin A a cikin kibiya mai zagaye. Wannan jagora ba ta shafi motocin hayibirid, masu haɗa inji da lantarki, irin su Prius ba, domin wayoyinsu masu launin lemo suna ɗauke da wutar da ke iya kisa.

Kwamfutar motar ba ta yarda ta kashe inji sai ta tabbatar za ta iya tayar da shi nan take, saboda haka a mafi yawan lokuta ƙin kashewar shawara ce da ta yanke bisa wani dalili, ba lalacewa ba ce. An jera matakan da ke ƙasa ne daga wanda ba ya cin ko kwabo zuwa mai tsada, kuma wanda ya tsallake jerin shi ne yakan sayi kayan da motarsa ba ta buƙata.

Kayan aiki: littafin motar, maltimita (mitar auna wutar lantarki), sifana lamba 10, burushin waya, safar hannu, sai kuma na'urar gwajin batir da kwamfutar gwajin mota, waɗanda ake samu a wurin mai wayarin ba sai an saya ba.

1. Tantance abin da motar ke cewa

Ka tsaya cik, ka ajiye ƙafa a kan birki, ka dubi alamar A. Idan ta fito koriya, tsarin yana aiki. Idan ta fito da layi a gicciye ko fara-fara, tsarin lafiya lau yake amma wani sharaɗi bai cika ba. Idan kuwa ruwan ɗorawa ce, ko tana ƙiftawa, ko ta zo tare da saƙon a kai mota gyara, to akwai lalacewar da kwamfuta ta rubuta. Launukan suna ɗan bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka littafin motar ne alƙali. Wasu motocin, kamar Jeep da Volkswagen, suna da shafi a dashbod da ke faɗin dalilin ƙin kashewar ƙarara, misali cewa batir yana kan caji ko injin bai yi zafi ba, kuma karanta wannan shafin kaɗai yakan rage rabin aikin. Ka kuma duba maɓallin kashe tsarin, wanda galibi aka rubuta masa A OFF, domin idan fitilarsa na ci, to wani ne ya danna shi.

2. Cika sharuɗɗan kafin ka zargi motar

Ka yi tuƙi na kamar minti ashirin har allurar zafi ta kai tsakiya, sannan ka nemi shimfiɗaɗɗen wuri wanda ba gangare ba. Ka ɗaura bel, ka tabbatar ƙofofi da bonet a rufe suke ruf, ka miƙe sitiyari, ka kashe na'urar sanyaya da fankarta da abin goge hazon gilashi, ka bar giya a D, ka taka birki da ƙarfi kaɗan. A mota mai giyar hannu kuwa, sai ka mayar da giya firi ka saki kuloci gaba ɗaya. Idan injin ya mutu a wannan yanayi, tsarin ba shi da matsala, ɗaya daga cikin abubuwan da ka kashe ne yake hana shi.

A ƙasarmu na'urar sanyaya ce ta fi yawan zama dalili. A yawancin motoci bel ɗin inji ne ke juya kwamfiresanta, da zarar inji ya tsaya sanyin ya fara gushewa. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Maraɗi, mota mai lafiya tana iya yin wuni guda ba ta kashe inji ko sau ɗaya ba muddin an ƙure sanyi, ko ta kashe na 'yan daƙiƙu ta sake tashi alhali ƙafarka na kan birki. Wannan ba ya buƙatar gyara. Haka nan motar ba za ta sake kashewa ba sai ta ɗan yi gudu bayan tsayawar farko, shi ya sa take shiru a cunkoson da ake jan jiki taku-taku. Motar dizal ma takan dakatar da tsarin yayin da take ƙona baƙin hayaƙin da ya taru a matatar salansarta.

3. Duba wane irin batir ke cikin motar

Gargaɗi: kada ka sa hannu a ɗakin inji sai ka kashe motar da makulli ko maɓallinta. Injin da tsarin ya kashe yana iya tashi ba zato, musamman idan makunnin bonet ya lalace.

Nan ne mafi yawan matsalolin suke. Motar da ke da wannan tsari tana tayar da inji sau da yawa fiye da sauran motoci, kuma duk lokacin da injin yake a kashe batir ne ke riƙe fitilu da rediyo da fanka, don haka ake sa mata batir na musamman, ko EFB ko AGM, kuma za ka ga an rubuta ɗaya daga cikinsu a jikinsa. Tokumbo takan shafe watanni tsakanin filin gwanjo da jirgin ruwa da tashar jiragen ruwa, batirinta na asali ya mutu ko ya yi rauni, a ƙarshe a sa mata duk wanda ya shiga gurbin domin ta tashi a gaban mai saye. Irin wannan batir na yau da kullum zai tayar da mota kowace safiya, mai ita ya yi ta rantsuwa cewa sabo ne fil, amma ba ya karɓar caji da saurin da kwamfutar ke so, sai ta rufe tsarin bayan 'yan makonni.

Ka gwada abin da ke rubuce a jikin batirin da abin da littafin ya ƙayyade: nau'insa, yawan Ah (adadin wutar da yake iya ajiyewa), da ƙarfin tayarwa wanda ake rubutawa CCA ko lamba da harafin A. Idan ba ka ga batir a gaba ba, ka duba cikin but ko ƙarƙashin kujera. Motar da ta zo da AGM, AGM za a mayar mata. Wadda ta zo da EFB ana iya ɗaga ta zuwa AGM, sai dai idan batirin yana maƙwabtaka da inji ne, a ganina barin ta a kan EFB ya fi, domin AGM ba ya jure zafi sosai.

4. Auna batirin da cajinsa

Ka bar motar ta kwana a kashe, da safe kafin ka tayar da ita ka sa maltimita a kan DC 20, jan tsinke a kan ƙari, baƙi a kan ragi. Cikakken AGM yana nuna kimanin volt 12.8, EFB kuma 12.6 zuwa 12.7. Idan ka ga 12.4, cajin ya sauka zuwa kusan kashi uku cikin huɗu, idan kuma 12.2 ne, rabi ya rage. Motoci da yawa suna dakatar da tsarin da zarar caji ya yi ƙasa da kimanin kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari, wato tun da sauran ƙarfin da zai tayar da inji ba tare da wata alama ba. Buɗe ƙofa yana farkar da kwamfutocin motar har lambar ta ɗan sauka, saboda haka bayan ka buɗe bonet ka rufe ƙofar ka jira 'yan mintoci kafin ka karanta.

Daga nan ka sa wani ya tayar da motar kana kallon mita. Bai kamata lambar ta faɗi ƙasa da 9.6 ba a lokacin da kik yake juyawa. Bayan injin ya tashi, caji yakan tsaya tsakanin 13.5 da 14.7, amma kada ka firgita idan ka ga ya sauka kusa da 12.5 ko ya haura kusa da 15 na ɗan lokaci, domin altanetan waɗannan motoci kwamfuta ce ke sarrafa ta, tana rage caji idan ana taka totur, tana ƙarawa idan ana rage gudu. An sha canza altaneta mai lafiya saboda rashin sanin wannan.

Gargaɗi: kada ka yarda a zare kan batir alhali inji na aiki da sunan gwada altaneta, ko a tayar da motar da batirin aro sannan a musanya shi tana ci. Wannan dabara ta tsofaffin motoci ce, a motar zamani kuwa tana iya ƙona kwamfutar da kuɗinta ya ninka na batir sau da dama.

Maltimita ba ta nuna tsufan batir. Don wannan sai an sa na'urar gwaji, a zaɓar mata nau'in batirin daidai, a shigar mata da lambar CCA, ita kuma ta faɗi yawan lafiyar da ta rage. Masu sayar da batir sukan yi gwajin kyauta ko a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, amma ka dubi fuskar na'urar da idonka, tun da mai gwajin shi ne mai sayarwa. Idan lafiyar na nan, caji ne kawai ya yi ƙasa, kamar yadda yake faruwa ga mai gajerun zirga-zirga daga gida zuwa ofis, to caji a hankali na tsawon dare da caja mai saitin AGM ya wadatar.

Gargaɗi: ba a buɗe AGM, ba a zuba masa ruwa ko asid, ba a kuma ɗora shi a kan babbar cajar da ke haura 14.8. Ka faɗa wa mai caji wannan tun kafin ka miƙa masa.

5. Duba sensar kan batir da wayoyin da aka ƙara

A kan ragi na batirin za ka ga wani ɗan ƙaramin baƙin akwati manne da maƙalin, da siririyar waya mai soket. Wannan sensa ce ke ƙirga wutar da ke shiga da wadda ke fita, tana kuma auna zafin batirin. Ka duba ko soket ɗin na ciki, ko wayar ta tsinke, ko farin gari da kore-kore sun taru a wurin. Ka kwance, ka goge da burushi, ka ɗaure har sai maƙalin ya daina juyawa da hannu. Idan ka tarar an yanke maƙalin asali an sa na tagulla irin na kasuwa, to an jefar da sensar ke nan, kuma tsarin ba zai dawo ba sai an sayo wata.

Tiraka, kyamarar gaba, amfilifaya da ƙarin fitilu su ma suna da nasu laifin. Idan aka ɗaura wayarsu kai tsaye a kan sandar ragi, wutar da suke ja ba ta bi ta sensa, sai lissafin kwamfutar ya rikice. Wurin da ya dace shi ne jikin ƙarfen motar. Wannan ƙa'ida ta shafi caji da jona waya daga wata mota: baƙar waya a jikin mota ko wurin da kamfani ya tanada, ba a kan batir ba. Idan batir yana kwana da caji ya wayi gari da rauni, mai wayarin ya auna wutar da motar ke sha bayan ta yi kamar rabin awa a kulle. Abin da ya wuce miliyamfiya 50 da yawa yana nuna akwai mai satar wuta, kuma daga kayan da aka ƙara ake fara bincike.

6. Tabbatar injin yana kai zafinsa

Al'adar cire tamostat (abin da ke daidaita zafin ruwan inji) da jona fankar lagireto kai tsaye ta zama ruwan dare a garejinmu, bisa tunanin cewa motar Turai ba ta saba da zafinmu ba. Injin da aka yi wa haka ba ya kai zafin aikinsa na kusan digiri 90, ko ya kai ya sake sauka a kan babbar hanya, kwamfuta kuwa ba ta kashe inji mai sanyi. Ga shi kuma fankar da ke ci ba hutawa tana zuƙe batir. Alamar ita ce allura ta zauna ƙasa da tsakiya bayan doguwar tafiya, ko ka ji fanka ta kama tun daga murɗa makulli. Maganin shi ne a mayar da tamostat daidai da lambar motar, a mayar da fanka kan wayarta ta asali, a zuba ruwan lagireto na gaske maimakon ruwan famfo. Kuɗin aikin bai kai na batir ba, kuma yana rage shan mai ko da ba don tsarin ba.

7. Gwada ƙananan makunnai

Makunnin bonet yana kusa da sakatarsa, kuma yakan lanƙwashe ko a manta ba a jona shi ba bayan gyaran gaba, abin da ya zama ruwan dare a motocin da aka shigo da su da bugu. Makunnin birki yana saman fedar, ka sa wani ya duba maka ko fitilun baya suna ci nan take suna kuma mutuwa da ka saki. Na bel da na ƙofa ana gane su ta fitilar dashbod. A mota mai giyar hannu akwai na kuloci da na firi, kuma tabarmar ƙasa mai kauri ita kaɗai tana iya hana kuloci kai ƙarshensa. Idan birki yana yin tauri jim kaɗan bayan injin ya mutu, ko motar tana tashi da kanta da ka ɗan motsa ƙafa, a duba tiyon iskar da ke zuwa tukunyar birki, domin tsarin yana tayar da inji duk lokacin da iskar ta ragu.

8. Sa wa motar kwamfuta

Soket ɗin gwaji mai ƙafa 16 yana ƙarƙashin sitiyari. Ƙaramar na'urar nan mai arha da ake haɗawa da waya tana karanta lambobin inji ne kawai, don haka ka nemi wanda kwamfutarsa ke shiga dukkan sassan motar, ka kuma ce ya nuna maka bayanan batir da jerin dalilan da suka hana kashe inji, ba lambobi kaɗai ba. A motoci da yawa fitilar check engine ita kaɗai ta isa ta rufe tsarin, ko mene ne ya kunna ta. P0128 tana nuni ga tamostat, P0562 ƙarancin wuta, P0571 makunnin birki, P0335 sensar kiranshaf mai lura da juyawar inji, P0420 kuma katalis ɗin salansa, wanda a tokumbo da dama an riga an fasa an kwashe.

Gargaɗi: ka ɗauki hoton lambobin kafin a goge su. Gogewa ba gyara ba ce, fitilar za ta dawo bayan kwana ɗaya ko biyu, kuma a lokacin an rasa bayanin yanayin da matsalar ta fara faruwa.

9. Canza batir, sannan a sanar da kwamfuta

Sai gwaji ya tabbatar batirin ya gaji ake zuwa wannan mataki, domin shi ne mafi cin kuɗi a cikin gyare-gyaren da aka saba. Farashin AGM yakan kai ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na batir na yau da kullum mai girma ɗaya, EFB kuma yana tsakani. Ko a Ƙofar Ruwa ta Kano za ka saya, ko Panteka ta Kaduna, ko Apo a Abuja, ka tafi da hoton tsohon da ma'aunin littafin, ka duba ranar ƙira, ka sa a auna sabon a gabanka, ka karɓi takardar garanti. AGM na gaske ya fi takwaransa nauyi, kuma idan ka girgiza shi kusa da kunne ba za ka ji motsin ruwa ba.

Wajen cirewa a fara da ragi, wajen mayarwa a ƙare da shi. Idan batirin yana cikin but ko ƙarƙashin kujera, a mayar da siririn tiyon da ke fitar da iskarsa waje. Bayan haka sai abin da aka fi mantawa: BMW, Audi, Volkswagen, Volvo da Ford da wasunsu suna buƙatar a shigar da sabon batirin a kwamfuta, in ba haka ba motar za ta ci gaba da yi masa caji da lissafin tsohon, tsarin ya ƙi dawowa, batirin kuma ya mutu da wuri. Kuɗin wannan rajista kaɗan ne idan aka gwada da kuɗin batirin. Motocin Ford da yawa suna sake koyon cajin batir idan aka bar su a kulle awa takwas ba a taɓa ba, Mazda kuma tana da nata jerin matakan saita i-stop bayan an cire kan batir.

Wasu motocin batir biyu ne da su. Mercedes da yawa, da Jeep Wrangler da Grand Cherokee na baya-bayan nan, da wasu Volvo, suna da ƙarami a ɓoye wanda ke riƙe lantarkin ciki a lokacin da kik yake jan wuta. Idan ya mutu tsarin yakan tsaya, a wasu motocin ma yana janye babban ya kashe shi, don haka a gwada su ɗaya bayan ɗaya, kowanne a ware.

10. Idan injin yana mutuwa amma tashin ne matsala

Da farko ka tuna ko ka kwance bel ko ka buɗe ƙofa bayan injin ya mutu, domin motoci da yawa ba sa tashi da kansu bayan haka, sai an mayar da giya P an tayar da hannu, kuma da gangan aka yi su haka. Idan ba wannan ba ne, ka danna maɓallin kashe tsarin duk lokacin da ka shiga motar har sai an gyara, don kada ta maƙale da kai a tsakiyar mahaɗar hanya. Rediyo ko dashbod da ke ɗaukewa a lokacin tashi yana nuna raunin batir, babba ko ƙarami. Ƙarar ƙas ba tare da juyawa ba tana kai mu ga kan batir, wayar da ta haɗa inji da jikin mota, ko kik ɗin kansa. Juyawa mai tsawo kafin kamawa tana sa a duba sensar kiranshaf da fulogi. Jijjiga mai ƙarfi kuwa galibi daga robobin da inji ke zaune a kai take. Idan har kik za a canza, a sayi mai lambar motar, domin nasu an ƙarfafa shi fiye da na gama-gari. Motocin Peugeot masu e-HDi da altaneta suke sake tayar da inji ta hanyar bel, saboda haka a nasu bel ɗin da abin ɗaure shi ake fara dubawa.

11. Gwajin ƙarshe

Bayan kowane gyara ka maimaita mataki na biyu, amma kada ka yanke hukunci a ranar, domin wasu motocin sai sun kwana a kulle sun kuma yi tafiya ɗaya ko biyu kafin su amince da batirin. Idan tsarin ya dawo, ka gwada shi da na'urar sanyaya a matsakaicin sanyi, sannan da fitilu a kunne da dare.

Ko da komai lafiya, ka kashe shi da maɓallinsa kafin ka shiga ruwan da ya taru a hanya lokacin damina, domin injin da ya mutu a cikin ruwa ya sake tashi yana iya zuƙar ruwa ya lalace. Haka nan a wurin wankin mota, da lokacin da makaniki zai duba ta, da cunkoson da ake matsawa taku ɗaya a tsaya. A gidan mai kuma, ko za ka fita ko da na minti ɗaya ne, ka mayar da giya P ka kashe motar gaba ɗaya, ka ga dashbod ya mutu kafin ka buɗe ƙofa.